Tarewa a Sabon Gida Lokacin Kirsimati: Yaushe Baƙo Yake Zama Ɗan Gida?

Watan Disamba watan tashi ne. Idan damina ta ɗauke, an yanke gero da dawa, an kai amfani rumbu, sai hankalin magidanta ya koma kan gini. Tubali yana bushewa da sauri cikin hunturu, ciyawar jinka ta ƙosa a daji, kuɗin amfanin gona kuwa yana hannu. Ga masu bi akwai ƙarin dalili. Makarantu suna hutu, ma'aikata sun sami 'yan kwanaki, 'yan'uwan da suke birni sun dawo domin idi, saboda haka akwai masu taya ɗaukar kaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa akan ga amalanke ko a-kori-kura cike da katifu, tukwane da akwatuna ana saura kwana uku ko huɗu Kirsimati, iyali suna hanzari domin idi ya same su a sabon gida.

Dattawan ikilisiya ba su zama baki ɗaya a kan wannan al'ada ba. Waɗansu suna cewa ba ta dace ba. Hujjarsu ita ce mai ƙaura ba ya samun sukunin sujada, hankalinsa yana kan ƙofa da makulli, matarsa ba ta zuwa koyon waƙar zumuntar mata, sau da yawa kuma ana cin bashi domin a gama ginin kafin ranar 25, don baƙi su zo su gani su yaba. Waɗansu kuma suna cewa babu lokacin da ya fi wannan kyau, gama gidan da aka buɗe da addu'a a ranakun tunawa da haihuwar Mai Ceto ya fara da albarka. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Amma akwai wata tambaya da take ƙarƙashin wannan gardama, wadda in ba a amsa ta ba, gardamar ba za ta ƙare ba. Mutum ya kwashe kayansa ya shiga sabon wuri, to, mene ne yake mai da wurin nan ya zama gidansa? Ginin ne, ko takardar fili, ko yawan shekarun zama, ko kuwa wani abu dabam?

Akwai waɗansu Hausawa da suka fi shekara 100 suna fama da wannan tambaya. Su ne mazauna ƙauyukan Jazira da na bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. Musulmi ne, ba sa yin Kirsimati. Duk da haka labarin tashinsu da zamansu yana da abin da zai koya wa kowane mai bi da yake ɗaure kayansa a watan Disamba.

Yadda Hausawa suka zauna a bakin Nilu

Tun kafin zuwan Turawa, mahajjata daga Kano, Katsina, Sakkwato da Barno suna bin hanyar gabas da ƙafa, su ratsa Wadai da Darfur, su haye Nilu, su kai bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru. Mutum yakan tsaya ya yi noma ko leburanci domin ya sami guzuri, ya yi aure, ya haihu. Da yawa ba su kai Makka ba, da yawa kuma sun kai amma ba su komo gida ba. Mutanen Sudan suna kiransu Fallata ko Takari, suna haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare cikin suna ɗaya.

Babbar ƙaura ta zo a 1903. A watan Maris na shekarar Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita da jama'a mai yawa ya nufi gabas, aka kashe shi a yaƙin Burmi, a ƙasar Gombe, ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutanen suka ci gaba da tafiya. Bayan 'yan shekaru suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno da sunansa. Waɗannan sun bar gida ne saboda abin da suka gaskata.

Waɗanda suka biyo baya abinci ne ya zaunar da su. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka ja ruwa ta manyan magudanai zuwa cikin Jazira, wato filin da yake tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kudu da Hartum. Aka shiga noman auduga domin masaƙun Ingila. Da aka faɗaɗa aikin zuwa Manakil, gonakin suka kai kimanin feddan miliyan 2, feddan ɗaya kuwa ya ɗara eka kaɗan. Gona mai wannan girma tana bukatar hannuwa, musamman daga ƙarshen shekara zuwa watannin farko na sabuwa, sa'ad da auduga take fashewa. Hausawa da mutanen yammacin Sudan suka cika gonakin. Waɗansu suka sami hawasha, wato rabon gona a cikin aikin, amma mafi yawa leburori ne. Aka bar su suka kafa bukkoki a gefen magudanai. Irin wannan zango ana kiransa kambo, jam'insa kanabi. An kafa shi ne domin zaman kaka ɗaya, sai ga shi an haifi kaka da jika a cikinsa, alhali filin da bukkar take kai ba nasu ba ne a takarda.

Gini kaɗai bai isa ba

Amsa ta fari da mutum yakan bayar ita ce gini ne gida. In akwai bango mai ƙarfi da rufin kwano, an gama. Abin da ya faru a Rusairis ya gwada ƙarancin wannan amsa. An gama madatsar ruwa ta Rusairis, kusa da Damazin, a 1966. Daga baya gwamnati ta ƙara mata tsawo da mita 10, aka yi bikin buɗe aikin a farkon Janairu 2013. Ruwan tafkin ya hau, ya ci ƙauyukan da suke bakinsa. Dubban iyalai, har da Hausawa masu su da masu noman bakin kogi, aka tashe su zuwa sababbin garuruwan da gwamnati ta gina. Garuruwan nan lamba aka ba su a maimakon suna: gari na 3, gari na 6, gari na 7.

Gwamnati tana iya gina ɗaki ta miƙa makulli. Amma gonar bakin ruwa da kogi yake zuba wa taki kowace shekara ba ta shiga mota. Itacen da kaka ya dasa, da wurin da ake ɗaure kwalekwale, da kushewar iyaye, duk ruwa ya rufe su. Haka kuma wanda dā yake da sanannen maƙwabci a dama da hagu, yanzu ya farka ya ga an jera shi da mutanen da bai san halinsu ba, su ma ba su san nasa ba. Duk wanda ya taɓa barin tsohon gidan ƙasa na gado ya koma ginin bulo a bayan gari ya san ɗanɗanon wannan abu ko da kaɗan ne. Ɗakin ya fi kyau, amma tsohuwa tana zaune a tsakar gida shiru, babu mai leƙowa ta katanga ya ce, “Iya, kin tashi lafiya?”

Takarda da yawan shekaru

Amsa ta biyu ita ce takarda. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta bukaci mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897. Mai karatu ya lissafa da kansa. Waɗanda suka tashi daga Burmi a 1903 sun makara da fiye da shekara biyar tun kafin su ɗaga ƙafa. Mutum ya haifu a Mai Wurno, bai taɓa ganin Sakkwato ba, ya tsufa yana cirar audugar da take kawo wa ƙasar kuɗi, amma sai ya sha wuya kafin ya sami shaidar ɗan ƙasa. Daga baya an sassauta dokar, har dokar 1994 ta mai da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956. Takarda ta samu ga mutane da yawa. Takarda kuwa abu ne mai amfani, babu mai hankalin da zai raina ta. Sai dai ba ta iya sāke zuciyar maƙwabci.

Amsa ta uku ita ce daɗewa. Ana cewa in mutum ya daɗe a wuri zai zama ɗan gari. A watan Yuli 2022 faɗa ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da waɗansu kabilun yankin, musamman Barta da Hamaj. Tushen maganar shi ne Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya ta kansu, waɗancan kuwa suka ƙi, domin a wurinsu sarauta da mallakar ƙasa abu ɗaya ne. Aka kashe fiye da mutum 100 a Rusairis da kewayenta. Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala, Gadarif da Hartum. A watan Oktoba wutar ta sāke tashi a Wad al-Mahi, yankin da waɗancan garuruwa masu lamba suke, fiye da mutum 200 suka mutu. Dubun dubatan mutane daga kowane ɓangare suka gudu suka fake a makarantu da garuruwan nesa. Shekara wajen 120 bayan Burmi, kalmar da aka jefi Hausawa da ita ita ce baƙi.

Adalci ya wajaba a nan. Mutanen da suka ƙi ba da sarautar su ma suna da abin tsoro. Kakanninsu sun sha harin masu kama bayi, manyan gonakin inji sun cinye musu daji, tafki ya ci musu ƙasa, yaƙi ya daɗe yana cinsu. Wanda aka sha ƙwace masa, in ya ga wani ya miƙo hannu, ko gaisuwa ce sai ya ja da baya. Kowane ɓangare ya binne matattunsa, kowane ɓangare kuma yana da uwar da take kuka.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga masu bi a Nijeriya. Rikicin Zangon Kataf na 1992 ya fara ne a kan tashin kasuwa daga wani wuri zuwa wani, amma gindinsa maganar ɗan ƙasa da baƙo ce. Haka na Jos a watan Satumba 2001. A nan ne maganar take da nauyi. Akwai mai bi wanda ya rasa ɗan'uwa ko gida a irin waɗannan tashe-tashen hankula, in ya ji an kori Bahaushe a wata ƙasa, zai yi masa wuya ya ji tausayi. Amma ya kamata ya lura da abu ɗaya. Kalmar da yake kiran maƙwabcinsa da ita a kan dutsen Filato ita ce ake kiran ɗan'uwansa da ita a Sabon Garin Kano. Akwai kuma Hausawa masu bi a karkarar Kano, Katsina da Zazzau, waɗanda kakanninsu ba su taɓa zuwa daga ko'ina ba, duk da haka akan ɗauke su kamar baƙi saboda bangaskiyarsu. Mudun da mutum yake so a auna masa da shi a Kano, shi ne ya kamata ya auna wa wani da shi a Jos, shi ne kuma ya kamata a auna wa Bahaushe da shi a Damazin. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da Ibrahim ya yi a Hebron

Littafin Farawa sura 23 ya ba da labarin da ya taɓa wannan magana sosai. Ibrahim ya yi shekaru masu yawa a Kan'ana, yana da dukiya da barori, yana kuma riƙe da alkawarin Allah a kan ƙasar. Amma ran da Saratu ta rasu ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa da zai binne ta. Bai ɗauki alkawarin ya mai da shi takobi ba. Ya tafi wurin Hittiyawa a ƙofar gari, ya sunkuya, ya amsa cewa shi baƙo ne a cikinsu, ya roƙi a sayar masa da kogon Makfela. Su kuma ba su wulakanta shi ba, suka girmama shi kamar babban mutum a tsakaninsu. Ya auna wa Efron shekel 400 na azurfa a gaban shaidu.

Abu biyu ne suka haɗu a wannan ciniki. Mai zuwa bai ƙwace ba, mai wuri kuma bai hana ba. Daga nan ne amsar tambayar take fitowa. Wuri yana zama gida sa'ad da mai zuwa ya shigo da ladabi, ya ɗauki nauyin wurin kamar nasa, mazauna wurin kuma suka karɓe shi har ya iya barci ba da ido ɗaya ba, ya kuma san in ya mutu akwai masu haƙa masa kabari. Gini da takarda da shekaru suna taimakon wannan, amma ba sa iya tsayawa a madadinsa. Mutanen Sudan suna da karin magana da suka gāda daga Larabci, mai cewa a nemi maƙwabci kafin a nemi gida. Littafin Firistoci sura 25 ya ƙara wani tushe a ƙarƙashin wannan: ƙasa ta Allah ce, dukan masu zama a kanta kuwa masu riƙon amana ne. Ɗan ƙasa baƙo ne da ya riga isowa. Wannan bai soke hakkinsa na gado ba, amma ya hana shi mai da hakkin nan dalilin zub da jini.

Kirsimati ta fari a kan hanya aka yi ta

Wanda ya karanta Luka sura 2 da Matiyu sura 2 a natse zai ga cewa labarin haihuwar Almasihu labarin tashi ne daga farko har ƙarshe. Umarnin Kaisar Augustas na ƙidaya ne ya fitar da Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami, lokacin da cikinta ya tsufa. A garin kakansa Dawuda, inda Yusufu yake da hakkin asali, ba su sami wuri a masauki ba, aka kwantar da jaririn a komin dabbobi. Bayan haka tsoron Hirudus ya tashe su da dare zuwa Masar. Da Hirudus ya mutu suka komo, amma jin cewa ɗansa Arkilayus ne yake mulkin Yahudiya ya sa suka zarce Galili. Umarnin hukuma ya tashe su sau ɗaya, tsoron takobi ya tashe su sau biyu. Kiristocin Kibɗawa na Masar da Sudan, waɗanda suke yin Kirsimati ranar 7 ga Janairu, suna da idi na musamman ranar 1 ga Yuni domin tunawa da shigar iyalin nan ƙasar Masar. Waɗansu Masarawa da ba a rubuta sunayensu ba sun ba su ruwa da wurin kwana. Ta hannun waɗannan mutane ne Allah ya kiyaye Ɗansa.

A bakin wannan kogi na Nilu aka sāke ganin irin wannan tashi. Yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Mutane masu ɗimbin yawa suka gudu kudu zuwa Wad Madani, babban birnin Jazira, aka sauke su a makarantu da gidajen dangi da na waɗanda ba dangi ba. Sai ga shi tsakanin 15 da 19 ga Disamba, ana saura mako guda Kirsimati, dakarun RSF suka shiga birnin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa wajen mutum 300,000 ne suka fita a kwanakin farko, da yawa da ƙafa, suka nufi Sinnar da Gadarif. Masu masauki da baƙinsu suka gudu tare. A cikinsu akwai Larabawa, akwai Hausawa, akwai kuma Kiristocin birnin, gama Wad Madani mazaunin bishop ne na ikilisiyar Angilikan ta Sudan. Shekara huɗu kacal kafin nan, a 2019, gwamnati ta maido da hutun Kirsimati wanda aka soke bayan rabuwar Sudan ta Kudu a 2011. A 2023 hutun ya sami masu bi na Jazira a kan hanya, kaya a kā. A tsakiyar 2024 yaƙin ya kai jihar Sinnar, inda Mai Wurno take. Sojojin gwamnati sun karɓe Wad Madani ranar 11 ga Janairu 2025, amma a kwanakin nan aka kai wa waɗansu kanabi hari bisa zargin sun goyi bayan abokan gāba, aka kashe talakawa. Tsohuwar kalmar nan ta baƙo ta sāke cin rayuka.

Duk da haka Jazira tana da wata fuska. An san ƙauyukan da suke bakin hanyar Hartum zuwa Wad Madani da wata al'ada: a watan azumi, in rana ta kusa faɗuwa, mazaje sukan fito kan titi su tare motoci, su matsa wa matafiyan da ba su sani ba su sauko su sha ruwa tare da su. Akwai kuma nafir, wato gayya, inda unguwa take haɗuwa ta gina wa mutum ɗaki. Cikin yaƙin nan ma matasan unguwanni sun kafa tukwanen taimako, ana dafa wa duk wanda ya zo ba a tambayi kabilarsa ba. Hannun da yake iya kora shi ne kuma yake iya karɓa. Zaɓi yana wurin mutum.

To, ya dace a tare a lokacin Kirsimati?

Wani zai ce, tun da Ubangiji bai sami masauki ba, mutane kuma suna kwana a makarantu, ashe murna da sabon gida ba laifi ba ne? Ba laifi ba ne. Annabi Irmiya, a sura 29, ya rubuta wa waɗanda aka kai bauta Babila cewa su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su kuma nemi zaman lafiyar birnin da suke baƙunci a ciki. Maimaitawar Shari'a sura 20 ma ta ba wanda ya gina sabon gida bai buɗe shi ba izinin barin fagen yaƙi ya koma ya buɗe. Allah ba ya ƙyashin inuwar da bawansa ya samu da guminsa. Abin dubawa shi ne yadda aka bar tsohon wuri, da yadda aka shiga sabon.

Wajen barin tsohon wuri, akwai hakkoki. Kuɗin haya da ya rage, bashin mai kanti, kwanon da aka ara, duk a sallame su kafin mota ta tashi. A bi maƙwabta gida gida a yi bankwana, in akwai wanda aka yi saɓani da shi a nemi gafara. Wanda ya tashi da dare domin kada a gan shi ya ɗauki tsohon halinsa ya kai sabon ɗaki. Haka kuma magini da kafinta da leburan da ya kwaɓa ƙasa, su ma suna da 'ya'yan da suke jiran sabon kaya. Littafin Firistoci sura 19 ya hana a kwana da ladan ma'aikaci. Bai kamata a yanka akuyar buɗe gida alhali leburan da ya ɗora tubalin yana zarya a ƙofa ba. In kuɗi bai isa a biya shi a kuma yi biki ba, bikin ne zai jira. A nan dattawan da suke tsoron bashi da fahariya suna da gaskiya.

Wajen shiga sabon wuri kuwa, Kirsimati tana ba da zarafin da wani lokaci ba ya bayarwa. Al'ada ce sananniya a Arewa a aika wa maƙwabta Musulmi shinkafa da nama da cincin ran idi, su ma su rama da Salla. Sabon zuwa yana iya fara zumunci da wannan kwano. Maigida ya je ya gai da mai unguwa, ya gai da dattijon da yake kusa da shi, ya ce, “Baba, ga mu mun zo zama kusa da ku, a riƙe mu da amana.” Uwargida ta shiga wurin matan maƙwabta. Zumunta a ƙafa take. Maimaitawar Shari'a sura 22 ta umarci mai sabon gida ya ja ƙaramar katanga a bakin rufin soronsa domin kada wani ya faɗo, wato tun ranar gini ake tunanin lafiyar waɗansu. A zamanin yanzu wannan ya shafi inda za a juya bakin kwata, da rufe rijiya, da ƙarar lasifika a daren addu'ar buɗe gida. Game da sujada kuwa, maganin mai sauƙi ne. A shirya kwashe kaya kafin ranar ko bayanta, domin iyali su tsaya a gaban Allah tare da jama'a ba da gajiya da fushi ba.

Akwai kuma hakkin da yake kan waɗanda aka zo aka tarar. In mota ta sauke kaya a unguwa a watan Disamba, mai bi da yake zaune a wurin tun dā shi ne yake a matsayin mutanen Baitalami, ko kuma na mutanen Masar. Yana iya leƙowa ta taga ya tambayi ko su wane ne, wace kabila ce, wane addini. Yana kuma iya aika yaro da tulun ruwa da tsintsiya. Ba kowane mai ƙaura ne yake tashi da murna ba. Wani mai gidan haya ne ya kore shi, wata mijinta ne ya rasu dangi suka karɓe gidan, waɗansu kuwa 'yan bindiga ne suka tashi ƙauyensu. Ikilisiyar da take tara baiko domin na nesa, amma ba ta san gwauruwar da ta sauka a bayan majami'a ba, ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Littafin Sarakuna na biyu sura 4 ya ba da labarin wata mace a Shunem wadda ta shawarci mijinta suka gina wa annabi Elisha ƙaramin ɗaki a kan soro, suka sa gado da tebur da kujera da fitila, domin ya riƙa sauka in ya biyo ta wurin. Kakannin Hausawa ma ba sa gina gida babu zaure, inda matafiyi zai shimfiɗa tabarma. Ginin zamani ya fara mantawa da zaure, ana ɗaga katanga a dasa mata fasassun kwalabe. Tsaro yana da dalilinsa, ba a musu. Amma ya kamata mai tarewa a ranakun Kirsimati ya zauna da iyalinsa tun daren fari su yanke shawara a kan inda baƙo zai kwana in ya zo, ko da kusurwar falo ce da tabarma ɗaya. Mutanen Wad Madani da suka sauki 'yan gudun Hartum a watan Afrilu ba su san cewa a watan Disamba su ma za su nemi mai saukarsu ba.

Saboda haka tarewa a lokacin Kirsimati ba ta da aibi, ba ta kuma da wata albarka ta musamman don ranar kaɗai. Tana zama da kyau in an fita daga tsohon gida babu hakkin kowa a wuya, aka shiga sabon da tawali'u irin na Ibrahim a ƙofar Hebron, aka kuma bar wuri domin wanda ba shi da inda zai sa kansa. A addu'ar buɗe gida kuma, bayan an roƙa wa maigida da iyalinsa albarka, ya kamata mai jagora ya ambaci mutanen Jazira da Shuɗin Nilu, Musulminsu da Kiristansu, Hausawansu da Bartansu, ya roƙi Allah ya komar da kowa ɗakinsa lafiya, ya kuma ba maƙwabta zuciyar karɓar juna.